Yadda Za Ka Gano Abin da Ke Sa Tsohuwar A-kori-kura Zuƙar Mai da Fitar da Baƙin Hayaƙi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, tambaya guda ce 'yan uwa masu a-kori-kura suke ta maimaita mini, daga masu ɗaukar albasa da tumatir a Mile 12 har masu jigilar raguna a Alaba Rago: motata tana shan mai kamar tankin ya huje, salansa na fitar da baƙin hayaƙi, ta ina zan fara? Da yawa kafin su zo sun riga sun sayi nozul mai fesa wa inji fetur, sun sayi famfon mai, wani ma har birenbos, wato kwamfutar motar, ya canza, kuma ciwon na nan.

Wannan bayani na motocin fetur ne masu nozul, irin su Hilux da Tacoma masu injin 22R-E ko 3RZ-FE ko 2TR-FE, da Nissan mai KA24E. Ban da masu kafireto, ban da masu dizal. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 a nauyi. In man ya zarce haka, ko dai wata sensa ce take yi wa birenbos ƙarya, ko kuma man yana shiga ta hanyar da birenbos bai sani ba. Aikinka ka gano wanne ne, ka fara daga gwajin da ba ya cin ko kwabo, kada ka sayi kaya sai awo ya nuna shi ne mai laifi.

Kayan da za ka tanada: mitar awon wuta, sifanar fulogi, geji na awon ƙarfin mai, guntuwar waya, tocila, da abin kashe gobara. In motar tana karɓar sikana, ƙaramar nan ta ELM327 da ake haɗawa da waya ta wadatar. Gejin mai ba sai ka saya ba, mai riwaya ko bakanike zai auna maka a kuɗi kaɗan.

1. Tabbatar da ciwon tukuna

Ba kowane hayaƙi ne na yawan mai ba. Baƙi shi ne na fetur. Mai shuɗi-shuɗi na baƙin mai ne da ke ƙonewa, wannan maganar ringi ce. Fari mai kauri da ba ya yankewa bayan inji ya yi zafi, ruwan lagireto ne ke shiga, sai a nemi gasket. Sa yatsa a bakin salansa da safe kafin ka tayar: busasshen baƙin toka mai kama da kunkunniya alamar yawan fetur ce, mai maiƙo kuma na baƙin mai ne.

Sannan ka auna, kada ka dogara da allurar tanki. Cika tanki har famfon gidan mai ya katse da kansa, rubuta kilomita, yi aikinka na kwana uku ko huɗu, ka koma famfo guda ka sake cikawa. Raba kilomitar da ka yi da litar da ta shiga. Misali, in da can lita ɗaya tana kai ka kilomita 8, yanzu ta koma 5, kuma kana yin kilomita 40 a rana, to lita 3 kake asara kullum, kusan lita 78 a kwanakin aiki 26. Riƙe wannan lissafi, da shi za ka san ko gyara ya yi. Amma ka yi wa motar adalci: satin da ka wuni a gosulon titin Ikorodu da lodi cike ba a kwatanta shi da satin da hanya ta buɗe.

2. Karanta fulogi

Bari inji ya huce, ka kwance fulogai huɗun, ka jera su a kan kwali bisa tsarin da suka fito. Kada ka cakuɗa su, a jerin ne labarin yake.

In duka huɗun sun yi baƙi iri ɗaya, matsalar ta kowa ce: sensa, ƙarfin mai, ko zafin inji. In ɗaya ne kawai ya yi baƙi ko ya jiƙe yana warin fetur, sauran kuma kalar ƙasa-ƙasa, to ciwon yana silinda guda: nozul ɗinta na yoyo, ko wutar ba ta isa can. Wannan kallo na minti goma yana raba maka aikin gida biyu.

Gargaɗi: sabon fulogi zai sa motar ta yi daɗi na kwana biyu, har ka ɗauka an gama. In ba a taɓa tushen ba, shi ma baƙi zai yi. Goge tsofaffin ka mayar, ka ajiye sababbin sai ƙarshen aiki.

Zaro sandar awon baƙin mai ka shinshina. In yana warin fetur, ko ya haura alamar cika ba tare da ka ƙara ba, fetur na gangarawa cikinsa. Kada ka yi doguwar tafiya da shi a haka, ya tsinke, ba ya kare metal.

3. Tambayi birenbos

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 suna da soket mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Jona sikana. P0172 na nufin mai ya yi yawa. P0115 zuwa P0118 na sensar zafin ruwa ne, P0100 zuwa P0103 na sensar iska, P0130 zuwa P0135 na sensar salansa, mai auna iskar da ta rage a cikin hayaƙi.

Tsofaffin Toyota kuwa ba sa buƙatar sikana. A cikin bonet akwai ƙaramin akwatin roba mai murfi. Buɗe shi, ka haɗa ramin TE1 da E1 da guntuwar waya, ka murɗa makulli har fitilu su kama ba tare da ka tayar ba, sai ka ƙirga ƙiftawar fitilar inji. Biyu, ɗan shiru, biyu, lamba 22 ke nan, sensar zafin ruwa. 21 sensar salansa, 24 zafin iska, 26 yawan mai, 31 mitar iska, 41 sensar totur. Duba sunayen ramukan a bayan murfin da kyau, haɗa ramin da ba shi ba yana iya ƙona fiyus ko abin da ya fi fiyus tsada.

In ka murɗa makulli fitilar inji ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne kafin a sayar da motar. Sai a gyara wannan tukuna.

Lamba tana nuna unguwar da za ka bincika ne, ba ta ce ka je ka sayi kaya ba. P0172 ba ta ce sensar salansa ta mutu ba, sau da yawa ma gaskiya take faɗa. In sikanarka na nuna LTFT, wato adadin man da birenbos ke ƙarawa ko ragewa, dube shi bayan inji ya yi zafi. Kusa da sifili lafiya lau. In ya gangara ƙasa da -10, birenbos yana ta rage mai ne, alamar man na shigowa ta bayan fage, sai ka fi mai da hankali ga mataki na 5 da na 6. In kuwa ya haura +10 alhali fulogai baƙi ne, ana yi masa ƙaryar cewa mai ya yi kaɗan, ka duba mataki na 8.

4. Zafin inji, inda na fi samun ɓarawon

A nan zan daɗe, don a Legas nan ne matsalar ta fi kwana. Inji mai sanyi yana buƙatar ƙarin mai, kamar yadda ake jan cok a tsohuwar kafireto. Birenbos yana ba da wannan ƙari har sai sensa ta gaya masa ruwa ya yi zafi. In bai taɓa jin wannan labari ba, haka zai ci gaba da zuba mai tun daga Agege har Apapa.

Abu na farko, tamostat. Al'ada ce a garejinmu da zarar mota ta sauka daga jirgi a cire shi, a ce na ƙasar sanyi ne, wani lokaci har a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga tayarwa. Wannan kuskure ne mai tsada. Hilux da ake sayarwa a Saudiyya ma da tamostat take zuwa. Na waɗannan injina yakan buɗe a digiri 82 ko 88, kuma an tsara injin ya yi aiki a wannan zafi. Gwajin mai sauƙi ne: tayar da safe, ka riƙe babban tiyo na saman lagireto. Ya kamata ya zauna da sanyi na wasu mintoci, sannan ya ɗau zafi lokaci guda. In ya fara ɗumi a hankali tun farko, ko babu tamostat ko ya maƙale a buɗe. Kula da hannunka da fanka da bel, kuma kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi.

In an cire shi ne don mota na tafasa, to a nemo dalilin tafasar: lagireto ya toshe, murfinsa ya saki, famfon ruwa ya ci, ko fanka ba ta kamawa.

Abu na biyu, sensar kanta. Kada allurar gaban direba ta ruɗe ka. A yawancin tsofaffin motocin nan sensa biyu ce: mai waya ɗaya ta allura, mai waya biyu ta birenbos. Allura na iya tsayawa daidai tsakiya, ita kuma ɗayar tana can tana faɗin inji na cikin sanyi. Da sikana, duba da safe kafin tayarwa: zafin ruwa da zafin iska su zo kusa da juna, kusa da zafin garin. In ka ga -40, waya ta tsinke ko soket ya fita. Bayan tafiyar minti goma sha biyar ya kai 80 zuwa sama. In ba sikana, cire soket ka sa mita a kan om. Ta Toyota tana ba da om 2,000 zuwa 3,000 a digiri 20, da safiyar Legas za ka ga ƙasa da haka kaɗan, sannan ta faɗo om 200 zuwa 400 a digiri 80. In inji ya yi zafi tana nan a dubu da wani abu, ta tashi daga aiki.

Haska tocila cikin soket ɗin. Iskar teku da ruwan damina da ake kutsawa a ciki suna sa ƙarafunan su yi koren tsatsa. Tsatsar tana ƙara om a kan layin, birenbos kuma ya fassara shi da sanyi, ba tare da ya kunna fitila ba.

Tawa Hilux mai 3RZ ta taɓa yi mini haka a wata damina. Wani gareji suka ce birenbos ne, na biya, aka kawo na Beljiyam aka ɗaura, hayaƙi bai ragu ba. Wani dattijon mai riwaya a Agege, mutumin Zariya, ya sa na tayar ya tsaya riƙe da tiyo bai ce komai ba. Can ya ce, "Alhaji, motar nan ba ta taɓa sanin ta yi zafi ba." Ya cire soket ɗin sensa ya miƙo mini tocila, ciki kore shar kamar an shafa gansakuka. Ya kankare da allura, ya fesa mai wanke waya, muka sayo tamostat a Ladipo. Kuɗin duka bai kama ƙafar abin da na kashe a birenbos ba, kuma har yau abin yana yi mini ciwo.

5. Ƙarfin mai da ragileta

Gargaɗi kafin ka kwance komai: layin mai yana riƙe da ƙarfi ko bayan an kashe mota. Tayar, ka zare fiyus ko rilen famfon mai har inji ya mutu da kansa, ka cire kan batir na nagetif, ka naɗe mahaɗar da tsumma. A fili za a yi aikin, ba sigari, ba mai walda a kusa.

A ƙarshen bututun da nozul ke jere a kai akwai ragileta mai daidaita ƙarfin mai, ɗan gwangwani mai siririn tiyo na iska a kansa. Zare tiyon ka duba. Ya kamata ya zama busasshe ƙayau. In ka ga fetur ko ka ji warinsa sosai, robar ciki ta fashe, inji yana zuƙar mai kai tsaye ta nan. Canza ragileta, ba a gyara ta. Wannan gwaji kyauta ne, kuma bai kai minti biyu ba.

Sai a ɗaura geji. A 22R-E da 3RZ-FE ana neman psi 38 zuwa 44 in an cire tiyon iskar, ya sauko kaɗan in an mayar da shi inji na sulo. In ya haura sosai, bi bututun da ke mayar da mai tanki: a-kori-kurar da ke shiga ramuka da lodi takan lanƙwasa shi a ƙarƙashi, wani lokaci ma an toshe shi da gangan don a ɓoye raunin famfo. In an taɓa canza famfo, tambayi wane iri aka sa.

Kashe mota ka bar gejin. Toyota na son ya riƙe aƙalla psi 21 har minti biyar. In ya zube da sauri, ko nozul na yoyo ko famfo ba ya riƙewa.

6. Nozul

Alamar nozul mai yoyo: da safe mota na tashi lafiya, amma in ka tsaya sallar azahar ka dawo bayan minti ashirin sai ta yi ta gurnani kafin ta kama, ta tashi da baƙin hayaƙi. Kai su wurin masu injin gwaji, ka tsaya ka gani da idonka. Huɗun su fesa kamar hazo, su cika kwalaben awo daidai da juna, kuma in an rufe su kada bakinsu ya tara ɗigo. Wanki yana gyara wanda ya toshe, ba kasafai yake gyara mai yoyo ba.

Duba lambar da ke jikinsu ta zama iri ɗaya kuma ta injinka. Na sha ganin an haɗa nozul na injin da ya fi girma don kawai ya shiga ramin. Sa sababbin robobi duk lokacin da aka cire su, tsohuwar roba ita ke jawo gobara.

Mai 22R-E ya tuna akwai nozul na biyar a jikin manifol, na tayarwar sanyi. In yana ɗiga, ko suwic ɗinsa ya lalace, duka silinda huɗu za su yi baƙi. Mutane da yawa ba su ma san da shi ba.

7. Hanyar iska

Buɗe akwatin matatar iska. In ka ɗaga ta sama ba ka ga haske ta ciki ba, canza ta, musamman bayan hunturu. Duba kada tsumma ko leda sun toshe bakin.

Masu sensar MAF, wato mai auna yawan iskar da ke shiga inji: kwance ta a hankali, ka fesa mata maganin da aka yi dominta, ka bar ta ta bushe. Kada a taɓa siririyar wayar ciki da buroshi ko iskar kwampresa, kada a wanke ta da fetur. 22R-E kuwa mitar iska gare shi mai ƙofa a ciki. Tura ƙofar da yatsa, ta tafi sumul ta dawo da kanta. Dubi baƙin murfin samanta: in ka ga sabon gam a gefensa, wani ya buɗe ya juya haƙorin sifirin don mota ta ƙara ja, wannan kaɗai ya isa ya sa ta zuƙi mai. Injin da ke da sensar MAP, mai auna ƙarfin iskar cikin manifol, duba siririn tiyonta, tsagewa kaɗan tana sa birenbos ya ɗauka an taka totur.

In ciwon ya fara ne bayan an wanke maƙogwaron totur, a sake saita sensarsa, wataƙila ba ta gane an saki totur.

8. Sensar salansa

Na ajiye ta kusa da ƙarshe da gangan, don ita ake fara zargi alhali sau da yawa ba ta da laifi. Tsohuwar irin, bayan inji ya yi zafi kana riƙe da totur inji na juyi 2,500 a minti, ya kamata ta riƙa kai da komo tsakanin bolt 0.1 da 0.9, aƙalla sau takwas cikin daƙiƙa goma. In ta tsaya a sama, tana ganin yawan mai ne da gaske, koma matakan baya. In ta tsaya a ƙasa alhali fulogai baƙi ne, ko ta mutu ko iska na shigar mata. Sababbin injina irin 2TR-FE suna da wata irin sensa a gaba da ke zama wajen bolt 3.3 a sikana ba ta kai da komo, kada a yanke mata hukunci da ma'aunin tsohuwa.

Saurari manifol ɗin salansa da safe. Ƙarar tsit-tsit da baƙin zane a gefen gasket na nufin akwai ɓula gaban sensa. Iskar waje na shiga, sensa ta ce mai ya yi kaɗan, birenbos ya ƙara. Haka silindar da ba ta kama wuta take yi, don iskar da ba ta ƙone ba tana wucewa ta kan sensa. Saboda haka a duba wayoyin fulogi, kwayil da tayimin.

Leƙa ƙarƙashi. In an taɓa cire indomi, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, an yi walda, duba ko an bar sensa a wurinta, ko an ƙona wayarta, ko an ɗinke ramin gaba ɗaya. In dole ka saya, nemi Denso ko NTK mai lambar motarka da soket ɗinta. Ta Beljiyam mai asali da aka gwada a gabanka ta fi sabuwa mai arha marar suna. Ka yi sharaɗi da mai shago tun kafin ka biya cewa za ka dawo da ita in ba ta yi ba.

9. Ƙananan abubuwa kafin birenbos

Masu girgiza mota a gidan mai don a ƙara cusa lita ɗaya suna cika gwangwanin gawayin da ke tara tururin fetur. Matse tiyon da ya taso daga gare shi zuwa inji, in sulo ya gyaru, can ne. Sannan a kwance wayoyin as, wato na nagetif, da ke ɗaure a jikin manifol da bodi, a goge su da samfefa har su yi ƙyalli.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a yi maganar birenbos, kuma ko a nan a buɗe shi a ga alamar ruwa ko ƙuna, ko a aro na wata mota mai lamba ɗaya a gwada kafin kuɗi ya fita daga aljihu.

10. Bayan gyara

Abu ɗaya za ka canza a lokaci guda, ka gwada, don ka san wanda ya yi maganin. In an samu, juye baƙin mai da filtarsa ko da lokacinsu bai yi ba, yanzu ne kuma za ka sa sababbin fulogai. Zare fiyus ɗin birenbos mai rubutun EFI na minti ɗaya, ko ka goge da sikana, don birenbos ya manta tsohon lissafi. Sulo na iya yin ɗan rawa a ranar farko kafin ya daidaita.

Hau babbar hanya ka yi tafiyar rabin awa ba tsayawa don tokar salansa ta ƙone. In har yanzu mota ba ta ja a hawan gada, ko ka ga tukunyar indomi ta yi ja da dare, ɗanyen man da ya daɗe yana bi ta ciki ya narkar da ita, sai an canza. Bayan mako guda ka koma famfon nan na mataki na 1, ka cika, ka raba kilomita da lita, sannan ka zaro fulogi ɗaya ka duba ko bakinsa ya koma kalar ƙasa-ƙasa.